Kada ku zubar da kala kafin ku gama aiki da ita

Ƙannena masu riƙe da kyamara a Gadarif da Kassala da sauran garuruwan da Hausawa suke zaune a nan Sudan, na lura da yawanku kun koma sha'awar hoto baƙi da fari, kuma abin ya yi mini daɗi, domin ni ma shi na fi ƙauna. Sai dai na shiga wannan sana'a ba tare da malami ba, na yi ɓarna iri-iri, akwai ma wadda har yau ba ta gyaru ba, shi ya sa nake so ku ji inda na yi tuntuɓe.

Ɓarnar da ta fi yi mini ciwo ta faru ne a bikin 'yar yayana. Na saita kyamarar ta riƙa ɗaukar baƙi da fari kai tsaye, tana ajiyewa a tsarin JPEG, wato hoton da kyamara ta riga ta gyara ta matse, ina ganin na rage wa kaina aiki. Amarya ta lulluɓa da jan tobi mai zanen ganye kore, wanda mahaifiyarta ta daɗe tana tari kafin ta saya. Da na buɗe hotunan a kwamfuta sai na tarar da tobin ya zama ƙyalle toka-toka, zanen da ƙyar ake gane shi, domin jan da koren ƙarfin haskensu ya zo kusan ɗaya, kyamarar kuwa ta mayar da su toka iri guda. Da matar yayana ta ce, "To Malam, ba mu masu kalar," ba ni da abin ba ta. Kalar ta tafi tun lokacin da na danna, kuma biki ba a maimaita shi.

Daga baya na fahimci cewa kalar ita ce linzamin hoto baƙi da fari. Farantin da ke karɓar haske a cikin yawancin kyamarori an lulluɓe shi da ƙananan matatai, rabinsu kore, kwata ja, kwata shuɗi, tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya samu rajistarsa a 1976. Idan za a mayar da hoton toka, dole a yanke kason da za a ɗebo daga kowace kala, kuma sanannen lissafi shi ne kusan kashi 30 cikin ɗari daga ja, 59 daga kore, 11 daga shuɗi, saboda idon mutum ya fi jin hasken kore. Lissafin ba shi da laifi, amma bai san amarya ba, bai san abin da ake so ya fito ba. Da a ce kalar tana hannuna, da na haskaka jan, na duhunta koren, zanen ya fito rangaɗau. Saboda haka ku ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba, wanda ke riƙe kalar ko da allon kyamarar yana nuna muku baƙi da fari. Mai aiki da waya kuwa ya ɗauka da kala, ya yi gyaransa a kan kwafi, ya adana na asali.

Bayan wannan na shekara ina zuƙe kalar gaba ɗaya da ma'auni guda a manhajar gyaran hoto, wanda shi ma jefar da linzamin ne, kuma hotunan sukan fito lami. Manhajar Photoshop tana ba da ma'auni shida a sashen baƙi da fari, Lightroom takwas, kowace kala da nata, kuma GIMP da Snapseed, waɗanda kyauta ne, suna da hanyar yin irin wannan.

Da na gano waɗannan ma'aunai kuma sai na wuce gona da iri. Na ɗauki duwatsun Taka daga wajen masallacin Khatmiyya a Kassala, na ja shuɗi ƙasa har sararin sama ya koma kamar dare. A waya ya burge ni, amma da aka buga shi babba sai ga farin zare ya bi gefen dutsen, sama kuma ta yi tsaki-tsaki da layi-layi. Dalili kuwa a JPEG na ɗauka, shi kuma JPEG mataki 256 kacal yake da shi daga baƙi zuwa fari a kowace kala, alhali RAW yakan riƙe 4,096 ko 16,384, don haka na farkon ba ya jure ja da yawa. Yanzu ina duhunta sama kaɗan ne, sannan in faɗaɗa hoton in duba bakin dutse ko rufin gida kafin in ƙara.

Akwai kuma matsalar da kusan kullum muke tare da ita a ƙasar nan, wato farar jallabiya da rawani a jikin baƙin mutum cikin rana tsaka. Na sha ƙara bambancin haske da duhu don hoton ya yi ƙarfi, sai jallabiyar ta zama farar takarda babu ninki babu ɗinki, fuskar kuma ta nutse. Ku duba jadawalin hasken da ake kira histogiram. Idan ya taru ya jingina da bangon dama, farin ya ƙone, kuma abin da ya ƙone ba ya dawowa. Ya fi sauƙi ku roƙi mutumin ya matsa inuwar darbejiya ko bakin zaure, ku auna hasken yadda rigar za ta tsira, sannan ku ɗaga fuskar ita kaɗai a wajen gyara.

Ɗaga fuskar ma yana da iyaka, kuma a nan ne na yi kuskuren da na fi jin kunyarsa. Fatar mutum, baƙa ko fara, ta fi mayar da jan haske, don haka ma'aunin ja da na ruwan lemo su ne ke haskaka ta, su kuma shafe mata tabo. Na ɗauki gwaggona, tsohuwa mai tsagar gado a kumatu, na yi ta ɗaga waɗannan ma'aunai ina ganin gata nake yi mata, har fuskar ta yi fari fat, tsagar ta dushe. Ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta ce, "Ɗan nan, ina zanen gidanmu?" Wanda ya taɓa kallon hotunan da Malick Sidibé ya ɗauka a Bamako ya san baƙar fata ba ta buƙatar a wanke ta kafin ta yi kyau a baƙi da fari, ƙyallin goshi da na kumatu ne ke fito da ita, duhun kuma a bar shi da zurfinsa.

Wannan karon na yi sa'a, domin RAW ɗin yana nan. Na koma na mayar da jan inda yake, na ƙara kason kore kaɗan saboda shi ke fito da zanen fata, na haskaka idanunta kawai. Na fara buga ƙarami don gwaji, tunda takarda takan fi allo duhu, sannan na buga babban na kai mata. Ta bi tsagar da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta sa aka rataye shi a ɗakinta.