Kafin ka haɗa NAS, ka duba batirinka

Duk wanda ya ce min zai haɗa NAS a gida, abin da nake fara tambayarsa shi ne wat nawa za ta sha. Maganar terabait daga baya ce. NAS dai ƙaramar kwamfuta ce mai faifan ajiya a ciki, a jona ta da rauta, talabijin da wayoyin gida su riƙa jawo kallo daga gare ta ba tare da an taɓa data ba. Ba a kashe ta dare da rana. A nan Kano kuwa, duk abin da ba a kashewa, batirin sola ne zai ɗauki nauyinsa.

Mutane da yawa sukan ce a ɗauko tsohuwar kwamfutar tebur, tunda kyauta ce. To, a ce tana shan wat 60 tana zaune kawai: a awa 24 ta cinye kusan kilowat-awa ɗaya da rabi. Batir mai bolt 12 da amf 200 kilowat-awa 2.4 ne a rubuce, kuma irin na ruwa ba a so a zuƙe fiye da rabinsa. Ka ga ita kaɗai ta ƙwace rabon fanka da firji. Shi ya sa na sayi ƙaramin allon kwamfuta mai ƙwaƙwalwar Intel N100. Da shi da faifai biyu, wajen wat 20 nake gani a mita.

Wani amfanin N100 shi ne Quick Sync. Idan tsohuwar wayar Hajiya ta kasa buɗe bidiyon 4K, shi yake sauya masa tsari nan take ya dace da ita, ba tare da ya yi zafi ba. Na sa OpenMediaVault, tsarin da ke tafiyar da NAS ɗin, a kansa na ɗora Jellyfin, manhajar da ke miƙa wa talabijin da wayoyi kallo, wanda ya ɓalle daga takwaransa Emby a 2018 kuma kyauta ne. Plex, kishiyar Jellyfin, ya fi kyan fuska, ban musa ba, amma irin wannan sauya tsarin da Quick Sync sai ka biya kuɗin rajistar Plex Pass, kuma yana son ka shiga da asusu ta intanet. Ni kuwa ina son ko babu sabis yara su kunna katun ɗinsu. Akwatunan Synology da QNAP ba su da laifi ga wanda ba ya son kwance-kwance, kuɗinsu ne ya kore ni.

Faifai na ɗauki 4TB guda biyu, kowanne madubin ɗan'uwansa, wato RAID 1. Takwas ka biya, huɗu za ka samu, kwamfutar ma 3.6 za ta nuna maka. Faifai iri biyu ne wajen yadda suke rubuta bayanai, CMR da SMR; ka tabbata CMR ne. A 2020 aka gano wasu faifan WD Red ɗin SMR ne, masu nauyin jiki wajen sake cika faifai idan ɗaya ya mutu. Red Plus ne CMR. IronWolf na Seagate ma ya yi.

Sai zafi da ƙura. A watan Afrilu, da garin ke haura digiri 40, ina sa ido kada faifan su wuce 45, don haka akwatin yana falo a kan kanta inda iska ke ratsawa, ba cikin durowa ba, duk da ƙorafin uwargida. Lokacin hunturu kuma ragar fankar takan toshe da ƙura cikin ɗan lokaci, sai an riƙa kaɗe ta. Talabijin kuwa kebul na ja mata daga rauta, domin Wi-Fi ba ya shiri da bangon bulo.

Fina-finai da karatun tafsirin azumi ko sun ɓace ana iya sake nemo su. Bidiyon bikinmu da hotunan sunan yara ne ba su da madadi, kuma RAID ba ya hana tsawa ko yaro ya danna gogewa. Waɗannan na kwafe su a wani faifai na daban, yana gidan yayana a Zariya, duk sallah nake karɓo shi in ƙara sababbi.