Kwanso mai ƙarfi ba lasisin ƙara albarushi ba ne

Akwai wata magana da ke yawo a bakin masu cika harsashi da hannunsu, musamman masu bindigar farautar manyan namun daji, wai in ka samu kwanson harsashi mai tauri irin na kamfanin Lapua ko Peterson to ka samu damar ƙara albarushi, tunda kwanson zai ɗauka. Ni dai wannan lissafin bai taɓa shiga kaina ba. Kwanso mai ƙarfi ba ya rage matsin da ke cikin bindiga ko kaɗan, abin da yake yi kawai shi ne ya ƙi nuna maka.

Shi kwanson tagulla ne, wajen kashi 70 jan ƙarfe kashi 30 tutiya, kuma ba shi ke riƙe ƙarfin fashewar ba, ƙarfen bindiga ne ke riƙewa, wato ɗakin da harsashi ke zama da sakatar da ta kulle shi ta baya. Aikin kwanso shi ne ya kumbura ya manne da bango ya hana iskar wuta dawowa fuskarka, sannan ya ɗan koma yadda yake don a iya zaro shi. Shi ya sa ba a yin sa da tauri iri ɗaya. Wuyansa da kafaɗa an tausasa su da wuta, gindin kuma an bar shi da taurin da ya samu wajen bugu a masana'anta, saboda nan ne kaɗai wurin da bango bai rungume shi gaba ɗaya ba, ga ramin firaima, wato ɗan abin nan da ke tada wuta, ga tsagin da ƙugiyar zaro kwanso ke kamawa. Masu gasa wuyan kwanso don ya daɗe sun san wannan, in zafi ya sauka har gindi to wannan kwanson ya tashi daga aiki, shara ce kawai, kar ma a yi tunani.

Iyakar matsi kuwa ba kamfanin kwanso ke yanka ta ba. Hukumomin tsara ma'aunin harsashi ke yanka ta, a Amurka SAAMI ce, a Turai kuma CIP. A ma'aunin SAAMI, inda ake auna matsi da psi, samfurin harsashi .30-06 tana tsayawa a psi 60,000, .308 Winchester da .375 H&H 62,000, .300 Winchester Magnum 64,000, .270 Winchester 65,000. Duba da kyau, duk sun taru a wuri ɗaya, kuma ba haka kawai ba, kusan nan ne tagulla ke iya aiki cikin kwanciyar hankali. Waɗanda suka so tsallake wannan layin sai da suka canja ƙarfen ma gaba ɗaya, .277 Fury ta kamfanin SIG mai kai 80,000 gindin kwansonta na baƙin ƙarfe ne, bindigar ma don haka aka ƙera ta.

To ina matsalar take? Mai cika harsashi a gida ba shi da na'urar auna matsi, kwanso yake karantawa. Ya harba, ya ɗauko, ya juya gindin ya duba: firaima ta baje ko tana nan da ɗan zagayenta, akwai ɗan tabo mai sheƙi inda tagulla ta kutsa cikin ramin abin da ke cillo kwanso, hannun sakata ya yi nauyi wajen ɗagawa, ko kuma in ya zo saka sabuwar firaima ta shige salalau ba wani ƙarfi, alamar ramin ya buɗe kenan. Duk waɗannan alamu ne na cewa tagulla ta fara narkewa a ƙarƙashin nauyi, ba narkewar wuta ba, motsi take yi tana bin duk inda ta samu kafa. Amma fa sau da yawa kafin su fito an riga an wuce iyaka, kuma in kwanson mai taurin gindi ne, ko mai ƙaramin ramin firaima wanda ya bar nama da yawa a kewaye, sai ya yi shiru har ka yi nisa sosai. Kamar jaki ne mai haƙuri, don bai durƙusa ba ba shi ke nuna kayan ba su yi yawa ba. Sakata da bututu kuwa suna shan kowane bugu cif.

Wani abin da mutane ke mantawa, kwanso mai kauri cikinsa ya fi ƙanƙanta. Ka ɗauki awon albarushin da ka saba da shi a kwanso sirara ka zuba a mai kauri, irin na soja misali, matsi zai hau ba tare da ka ƙara ko ƙwaya ba. Don haka canja kwanso kamar canja albarushi ne, a koma ƙasan abin da littafin awo ya ce a sake hawa sannu a hankali. Na'urar auna gudun harsashi ma ta fi ido gaskiya, in gudunka ya zarce na littafi da irin tsawon bututu ɗaya, to ba wata baiwa bindigarka ke da ita ba, matsi ne.

Sai zancen ɗamara, wannan zoben da ke gindin kwanson magnum, wato manyan harsasai masu ƙarfi. Da yawa sun ɗauka ƙarfi yake ƙarawa, a'a. Kamfanin Holland & Holland na Landan da ya fitar da .375 a 1912 ya sa shi ne don kwanso ya samu wurin tsayawa a ɗaki, tunda kafaɗarsa a zube take ba ta da tudun kirki. Hasali ma saman ɗamarar nan ne kwanso ya fi yawan tsinkewa, in kana tura kafaɗa baya da yawa duk lokacin da ka matse shi don sake cikawa, kowane harbi sai ya miƙe, bangon ya yi ta sirancewa har wani farin zobe ya bayyana a waje. Ka lanƙwasa bakin siririyar waya ka zura ciki ka ja a hankali, in ka ji ta faɗa wani ɗan kwari to rabuwa ta kusa. Man goge ƙarfe mai amoniya shi ma a nisanta shi da kwanso, sojojin Ingila a Indiya sun ga yadda kwansunan da aka ajiye a bargar dawaki da damina suka dinga tsagewa, sai a 1921 aka gano amoniyar fitsarin dawaki ce.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda maƙeran Ingila na da suka kalli lamarin. Albarushinsu mai suna kodayit zafin rana na sa matsinsa ya hau, ga shi kuma Afirka da Indiya za a kai bindigogin, sai suka yi ƙaton kwanso mai ƙaramin matsi. .416 Rigby ta 1911 a ma'aunin CIP ba ta wuce wajen psi 47,000 ba, .470 Nitro Express ma ƙasa da haka take. Da kamfanin Remington ya fito da tasa .416 a 1988 ta samu kusan gudu ɗaya a ƙaramin kwanso, amma da matsin 65,000, tana aiki lafiya lau da harsashin kamfani, sai dai sararin da ya rage wa mai ƙari a gida kaɗan ne. Harsashin da ka gwada da sanyin safiya ba shi ne wanda ya wuni cikin mota a rana ba, kuma in ɓauna mai rauni ta juyo kanka a taku ashirin, ɗan ƙarin gudun nan ba zai yi maka komai ba in hannun sakata ya ƙi ɗaguwa harsashi na biyu ya kasa shiga.