Abin da kafireton Weber ya koya mini kafin na bar garejin

Na tattara sufanuna na bar garejin a ƙarshen watan jiya. Yaran da na baro sun dame ni da tambaya a waya kan motar Alhaji da yadda ake saita kafireto, wato abin da ke haɗa wa inji mai da iska, to ga amsar, kowa ya ɗebi rabonsa.

Duk kun san BMW 2002 ɗin nan ta Alhaji, tsohuwa mai injin M10 lita 2. Da kafireton Solex ɗaya ta fito daga kamfani, ƙarfin doki 100. Ƙanwarta 2002 ti kuwa, Solex 40 biyu aka ɗora mata ta kai 120. Abin da Alhaji ke nema ke nan, ya taka ta amsa. Muka tsaya a kan Weber DCOE biyu, irin na kwance, kowace silinda da maƙogwaronta. Saura girma, wato faɗin maƙogwaro, milimita 40 ko 45.

Na ce 40, da maƙurar ciki mai milimita 32. Kafireto ba famfo ba ne, ba ya tura mai. Gudun iska a maƙurar ne ke zuƙo fetur daga jet, ɗan ƙarfe mai rami da mai ke bi, kamar mai zuƙar kunu da tsinken roba: in tsinken ya cika faɗi, sai ka yi ta ja ba abin da ke hawowa. Motar da rayuwarta daga Unguwar Rimi zuwa Kawo ce, cikin cunkoso, ba kasafai injinta ke wuce juyi 4,000 a minti ba. Babbar maƙura ta motar tsere ce da ke yini a 6,000 zuwa sama.

Oga ya dube ni sama da ƙasa. "Kai yaro, yaushe aka haife ka? Babba ya fi ja." Gaskiyar magana, 45 ta fi tsada, ladan sayayya ma ya fi kauri. Aka kawo ta da maƙura 38, aka ce in ɗaura. Na ɗaura, yaron gida ba ya musu.

A tsaye ta yi ƙara mai daɗi, har masu shayin bakin titi suka leƙo. A hanya fa? Ka taka totur daga ƙasa sai ta shaƙe, ta yi tari ta bakin kafireto, sannan ta zabura. Maganin Oga shi ne a ƙara jet. Da namu suka ƙare sai ya ɗauko ƙaramin dirili ya buɗa ramin da hannunsa. Lambar da ke jikin jet ɗin Weber faɗin raminsa ce, 135 na nufin milimita 1.35. Wanda aka huda da dirili lambarsa ta zama ƙarya, ba mai sake sanin abin da yake sha.

Sai Alhaji ya tafi Jos da ita. Jos ta haura mita 1,200 daga matakin teku, kusan ninkin Kaduna. Iskar can ba ta da kauri, motar da dama mai ya yi mata yawa sai abin ya ƙaru. A Hawan Kibo ta fara baƙin hayaƙi, ta isa gari da kyar. Janyo ta aka yi zuwa Kaduna. Da na kwance fulogi, huɗun duka baƙi ƙirin, ka shafa yatsa ya fito da kunkunniya.

A gaban Alhaji, a gaban yara, Oga ya nuna ni ya ce ni na ɓata saiti, ya hana ni taɓa ta ban ji ba. Aka zaftare mini rabin kuɗin wata. Na ce, "Allah Ya ba da haƙuri, Alhaji," na yi shiru. Har yau in na tuna sai in ji wuyana ya ɗaure.

Ranar Lahadi da ba kowa na zare maƙura 38 na sa 34. Babban jet yakan fara daga girman maƙura sau 4, na sa sabo 135, jet ɗin iska kuma sama da shi da kamar 50. Na gyara tsayin fulot mai ƙayyade yawan mai a cikin kafireto, na rage matsin famfon mai, don Weber ba ya son matsi fiye da fam 3 (psi) ko kusa da haka. Na kara tiyo a kunne ina sauraron kowane maƙogwaro har shuuu ɗinsu ya zo ɗaya. Ta tashi sumul tun daga silo. Washegari Oga ya miƙa wa Alhaji makulli yana cewa kwana ya yi a kanta. Tukuicin ma aljihunsa ya shiga.

Sauran darussan gajeru ne. Kada ka taɓa kafireto sai ka tabbatar da taimin da gibin bawul, yawancin laifin da ake ɗora masa nasu ne. Sauya abu ɗaya, ka fita gwaji, ka rubuta. In za ka gwada kafireto biyu, a mota ɗaya, hanya ɗaya, lokaci ɗaya na yini, inji da zafinsa. Fulogi mai launin ƙasa-ƙasa lafiya, fari fat yunwar mai ce, kuma ita ke ƙona fistin. Mai son barin bakin kafireto a buɗe don ƙara, ka tuna masa ƙurar hunturu.

Ku kuma da kuke can har yanzu, duk umarnin da aka ba ku kan motar mutane, ku sa a faɗa a gaban shaida. Littafin da nake rubuta lambobin jet na taho da abina. Na ji an ce wata Datsun mai kafireton SU biyu ta shigo, tana can a rufe da tamfol, ana ta neman lambata.