Tarihin Rayuwata, kashi na 7: Ranar da na fara jin muryata

Salamu alaikum. Makon jiya na tsaya a inda Baba ya yarda da ƙyar na shiga 'yar ƙaramar kwalejin nan in karanta aikin jarida ɓangaren rediyo da talabijin, shi da ya so in yi aikin jinya. To mu ɗora.

Sitidiyonmu wani ɗan ɗaki ne da aka manna wa soso a bango saboda amsa kuwwa, makirfo biyu, mikisa (na'urar haɗa sauti) ɗaya, sai kwamfuta da aka sa wa Audacity, manhajar ɗauka da tace sauti, in an ɗauke wuta kuma karo-karo muke yi mu sayi fetur ɗin janareta, amma wallahi ni ranar da na fara shiga ji na yi kamar an kai ni BBC.

Malaminmu dattijo ne da ya daɗe yana aikin rediyo. Ya miƙo min labari da Turanci ya ce minti 10, ki mayar da shi Hausa ki karanta. Na bi shi kalma bayan kalma, na karanta ina haki, da ya kunna mana sai na ji wata baƙuwar murya siririya tana gudu kamar an biyo ta. Bai yi dariya ba. Cewa ya yi, 'yar nan wa kike wa magana? Gwaggonki da ke tsakar gida tana tankaɗe, in ta ji wannan za ta gane? Mai karanta jarida in abu ya shige masa duhu zai koma baya, mai sauraro kuwa in ya wuce ya wuce. Jimla gajera, muƙami kafin suna, kuɗi masu dogon lissafi ki ce kusan miliyan 2 kawai, ki ja baya kamar taƙi ɗaya daga makirfo don kada numfashi ya riƙa bugunsa. Har yau da wannan nake cin abinci, ko bidiyon Facebook zan haɗa sai na karanta rubutun a fili tukuna.

Ya ce abin kunya ne ɗan Zariya ya kasa rubuta Hausa mai daɗi, garin da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ni da nake wuce kamfanin Gaskiya kullum, ban taɓa tsayawa na yi tunanin haka ba. Ya ƙara da cewa kafin 1992 gwamnati ce kaɗai ke da gidajen rediyo a Najeriya, yanzu ga masu zaman kansu ga waya a hannun kowa, wanda ya iya tace sauti da hoto ko tallar shago ya haɗa zai samu na cefane.

Sau 6 na maimaita, sannan na zauna na yanke duk wani eh eh da na yi, na tura a wayata. Bayan isha'i na samu Baba a zaure da 'yar rediyonsa yana jin Kaduna kamar kullum, na durƙusa na ce Baba ga abin da muka yi yau. Ya rage murya ya kara wayar a kunne, har ya ƙare bai ce komai ba, can sai ya ce Uwata, ke ce wannan? Na ce ni ce Baba. Ya ce sake kunna min.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan ba ku labarin yadda na sha yawo neman wurin koyon aiki.