Biskit na biyar

Saura kwana tara jarrabawa, ƙarfe ɗaya na dare, ina zaune gaban littafin tattalin arziki. Idona na kan shafi, zuciyata kuwa tana wajen fakitin biskit da ke gefen fitila. Babin raguwar gamsuwa nake fama da shi, wato yadda daɗin abu ke raguwa da kowane ƙari. Tun farkon zango na haddace shi, amma hadda daban, fahimta daban.

Na farke ledar. Na farko, wallahi har lumshe ido na yi. Na biyu ma ya shiga da daɗinsa. A na uku na fara neman ruwa. Kafin in kai na biyar tauna kawai nake yi, maƙogwaro ya bushe, gari ya zube a tsakanin shafuka. Da na sake duba layin nan mai gangarowa a cikin zanen littafin, sai na ga ashe labarin bakina aka zana. Abin da wani Bajamushe, Hermann Gossen, ya rubuta ke nan a 1854: idan mutum ya ci gaba da more abu ɗaya ba hutawa, daɗin kowane ƙari raguwa yake yi har a kai ga ƙoshi. Bawan Allah ya rasu a 1858 ba wanda ya waiwayi aikinsa. Sai a shekarun 1870, bayan masana tattalin arziki su Jevons da Menger da Walras sun zo da irin tunaninsa, aka tono sunansa. Har yau abin yana taɓa min zuciya.

Amma akwai inda littafin ya bar ni. A ƙa'ida, mai hankali zai tsaya da zarar daɗin ƙari ya gaza abin da zai rasa. Ni hannuna bai tsaya ba sai da leda ta zama wayam, barci ya danne ni, babi biyu suka tafi a banza. Su ma suna cikin kuɗin biskit ɗin, ko da ban ciro su daga aljihu ba.

Richard Thaler ne ya warware min wannan, Ba'amurken da ya ci kyautar Nobel a 2017. Wata rana ya gayyaci abokansa masana tattalin arziki cin abinci, ya ajiye musu kwanon kashu kafin a sauke girki. Da ya ga suna neman cika ciki da shi, sai ya ɗauke kwanon ya kai kicin. Suka yi masa godiya! Sannan suka zauna suna mamakin kansu, domin a iliminsu rage wa mutum zaɓi ba ya ƙara masa alheri. Gaskiyar ita ce wanda ya tsara karatu da safe da wanda kwaɗayi ya kama da tsakar dare kamar mutum biyu ne, kuma na dare ya fi kusa da leda.

Washegari na ciri biskit uku daga sabon fakiti na ɗora a faranti, na miƙa wa abokin zamana sauran. Na ce masa, "Ɗan'uwa, ko roƙonka na yi, kada ka ba ni kafin gari ya waye." Ya yi dariya ya kulle a akwatinsa. Wajen ƙarfe biyu na roƙe shi, ya juya min baya ya ja bargo. A daren na gama babin duka.