Yadda na koyi kwanciya da baya kafin na samu shuɗiyar ɗamara

Ni ɗan Argungu ne, kuma a gidanmu bayan namiji ba ya taɓa ƙasa a banza. Kawuna ya yi kokawa da ƙuruciyarsa, har gobe idan aka buga ganga sai ka ga kafaɗarsa tana motsi. Abin da ya cusa mini tun ina yaro shi ne, da zarar bayanka ya taɓa rairayi an gama da kai, ka tashi ka kakkaɓe wando. Da wannan tarbiyya na shiga jiu-jitsu a Birnin Kebbi, wasan da yawancinsa a ƙasa ake yi.

Mu 'yan kaɗan ne, muna shimfiɗa tabarmar roba mai haɗe-haɗe a wani ɗaki da muke haya. Mai koya mana shunayyar ɗamara gare shi. A wasan nan, irin na Brazil, manya daga fara suke farawa, sai shuɗiya, shunayya, ruwan ƙasa, sannan baƙa, kuma ba a ba yaro shuɗiya sai ya kai shekara 16. Na yi shekara biyu da farar ɗamara, an liƙa mini filasta huɗu a bakinta alamar ci gaba, kafin Malam ya ce malaminsa mai baƙar ɗamara zai zo bayan ƙaramar Sallah ya gwada mu uku.

Wata biyu suka rage. Ga azumi, ga zafin Kebbi wanda ko da dare bango turiri yake yi. Muka mayar da atisaye bayan tarawihi. Daren farko na cika ciki da tuwon shinkafa da kunu, wani ya ɗora mini gwiwa a ciki, sauran labarin ba sai na faɗa ba. Daga ranar, dabino da ruwa da ɗan abu mara nauyi nake sha ruwa da su, abincin kirki sai mun tashi.

Matsalata ba ƙarfi ba ce. Kayar da mutum daga tsaye kuwa, nan ne gonata, amma maki 2 kawai ake ba ka a kansa. Wuce ƙafafun abokin karawa maki 3 ne, hawa kan cikinsa ko kama bayansa maki 4. Ni kuma da an juya ni ƙasa sai hankalina ya tashi, jikina ya ce an ka da ni. In riƙe numfashi, in miƙa hannuwa biyu ina ture ƙirjin mutum, wato na miƙa masa gwiwar hannuna a faranti. Akwai wani siririn ɗalibi da na fi shi nauyi nesa ba kusa ba, a dare ɗaya sau biyar ya sa ni bubbuga tabarma alamar na sallama.

Malam ya kira ni gefe. "Wanga ba hilin kokowa ba ne," in ji shi. "Daga yau har Sallah, kai a ƙasa za ka fara kowane zagaye."

Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba. Amma a wannan watan na fahimci wasan. Kowane dare sai na yi ta zame kwankwaso daga wannan bango zuwa wancan, motsin da ake kira da sunan jatan lande saboda yadda mutum ke nannaɗewa. Na koyi manne gwiwar hannu da haƙarƙari, in tokare wuyan mutum da damtse maimakon tafi, in jira ya ɗaga nauyinsa ko da na ƙiftawar ido ne, sannan in cusa gwiwa tsakaninmu. Na koyi numfashi da mutum a kan ƙirjina, wanda shi ne ya fi komai wuya. Ashe ba a banza ba Royce Gracie, gwanin jiu-jitsu ɗan Brazil, a gasar UFC ta farko a 1993, inda ake haɗa masu salon faɗa daban-daban, ya yi ta jan ƙattan da suka fi shi jiki zuwa ƙasa yana gamawa da su.

Akwai ƙananan abubuwa da ba wanda ke faɗa maka. Rigar wasan, wadda ake kira gi, mai kauri ce, in ba ka wanke ta ka shanya bayan kowane atisaye ba, makero na nan tafe. Wani abokinmu sati biyu ya yi a gida saboda shi. Farce a yanke. Yatsuna kuwa sun kumbura saboda riƙon kwala, har Inna ta tambaye ni ko dambe na koma. Sati na ƙarshe ban ƙara wata sabuwar dabara ba, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar gwaji baƙon namu bai yi dogon jawabi ba. Ya sa muka nuna faɗuwa, kuɓuta daga ƙarƙashi, shaƙewa da kwala, da kamun gwiwar hannu. Na rikice a shaƙar ƙafafu, na haɗa su a karkace, ya gyara mini da hannunsa bai ce uffan ba. Sai karawa, minti 5 da kowa, ba hutun kirki. A zagaye na huɗu shi da kansa ya hau kaina. Ban kuɓuta ba, ina ni ina kuɓuta. Na dai manne hannuwana, na ci gaba da numfashi, har na samu na maido da ƙafa ɗaya kafin ya shaƙe ni. Da muka jeru ya kwance mini farar, ya ɗaura shuɗiyar, ya ce hannuna bai miƙe ba ko sau ɗaya.

Da na je Argungu na nuna wa Kawu bidiyon a waya. Ya kalla har ƙarshe, ya mayar baya ya sake kallon inda nake kwance, sannan ya ɗago.

"To kai da anka kayar, mi anka ba ka ɗamara?"

Na ce ya zo tsakar gida in nuna masa. Ya ce gwiwarsa na ciwo.