Asabar a gareji da V-boot ɗina

Yau sati uku kenan cif da na sayi motar nan, kuma sai yau na shigo gida hankalina a kwance a kanta.

Da asuba bayan an sallame na fito na ɗosana mata makulli, sanyin nan na hunturu har cikin ƙashi. Kik ɗaya, biyu, sai a na biyar ta kama, tana kamawa kuma ta hau karkarwa kamar mai zazzaɓi, ina ɗage ƙafa daga totur ta mutu. Fitilar ABS, wato ta gargaɗin birki, kuwa a kunne take tun ranar da dillali ya miƙo min makulli, yace ai ba komai bane tsufa ne. Maman yara ta leƙo daga ƙofa bata ce komai ba, sai dai tace in sha shayi kafin in fita.

Marsandi ce 230E ta 1990, wadda turawa ke kira W124, mu kuma nan V-boot muka sani saboda yadda murfin but ɗinta ya sauko a tsuke. Fulogi huɗu, injin lita 2.3, fara amma farin ya koma kamar na madara. Mai ita wani dattijo ne da ya yi ritaya, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya jingine ta ƙarƙashin darbejiya ya koma hawa adaidaita, shi yasa na same ta a kuɗin da abokaina suka ce ko tsohuwar Golf ba zan samu ba. Tankinta lita 70 ne, ni ma ban taɓa cika shi ba, ba kuma na jin zan cika nan kusa.

Satin da ya wuce na kai ta wurin wani matashin makanike a unguwarmu, ko bonet bai gama ɗagawa ba yace Alhaji a cire injekta ɗin nan gaba ɗaya a ɗora mata kafireto ka huta, kowa haka yake yi. Kuma gaskiya ne da yawa haka suka yi. Amma raina bai so ba wallahi, na kwana biyu abun yana damuna, motar da ta yi shekara talatin da ɗoriya da kayanta na asali ace a hannuna za a fara farke ta. Wani abokin aikina ne yace akwai wani tsoho da tun zamanin 200 da 230 masu zagayayyar fitila Marsandi kawai yake taɓawa, in gwada shi tukunna.

Ƙarfe tara na isa, ina tafe ina taka totur a kowace danja kar ta mutu min a tsakiyar titi. Garejin ba wani gareji bane, rumfa ce ta kwano da benci da yara biyu. Na durƙusa na gaishe shi, nace Baba ga mara lafiya na kawo muku. Yace in bar ta ta huce tukun, shi baya duba mota da zafinta in ciwon na sanyi ne. Muka zauna kusan awa ɗaya yana cin goro yana bani labarin motocin da suka bi ta hannunsa. Da ta huce yace tayar, na tayar, ya sa kunne kawai ko sifana bai ɗauka ba, sannan ya leƙa ya ga fitilar ABS, yace ɗana an taɓa cire kan batir mota tana aiki? Nace ranar ciniki ma a gabana aka cire wai don a nuna min caji yana yi. Ya girgiza kai.

Sai ya sa yaro ya janye wani baƙin murfin roba dake bayan batir, ya zura hannu ya zaro wani ɗan rile da bai fi kwalin ashana biyu ba, da fiyus ja mai lamba 10 a kansa. Fiyus ɗin ya ƙone. Yace wannan shi ne mai gadin kwamfutar injin da ta birki, in wuta ta yi yawa shi yake fara mutuwa don kar su mutu. Kuma abun da ke ruɗa yara shi ne injekta irin wannan, KE-Jetronic, rabinsa ƙarfe ne yake aiki da kansa, ko kwamfuta bata samu wuta ba motar zata tafi, sai dai ba zata san safiya ce ba balle ta ƙara wa kanta mai, kuma silo, wato aikin injin in ba a taka totur ba, ba zai tsaya ba. Shi yasa take wahala da sanyi, in ta ɗau zafi kuma ta ɗan yi dama dama. Ni dai ina tsaye ina kallon ɗan abun nan a tafin hannunsa ina tuna kuɗin da aka yanka min na kafireto.

An canza fiyus ta gyaru, amma da ya ƙwanƙwasa rilen da yatsa sai injin ya sake rawa, ya buɗe cikinsa ya nuna min dalma ta tsattsage. Yace zai iya ɗiga mata sabuwa amma gara in nemo ɗan Beljiyam mai kyau in ajiye wannan a mota saboda tsaro. Na hau adaidaita zuwa kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa da tsohon rilen a aljihu don in gwada. Shago na huɗu na samu, na haɗa da gasket ɗin murfin injin tunda baƙin mai yana tsattsafowa ta gefe har kan fulogi, da tiyon lagireto na sama da ya kumbura.

Kafin la'asar an ɗaura komai, an juye baƙin mai an sa sabo. Fitilar ABS ta mutu, karon farko. Baba ya ɗora kofin shayinsa a kan injin yace kalli, shayin ko motsi kaɗan yake. Yace kuma ka gode Allah taka ta riga waɗanda suka biyo baya su E220, waɗancan rigar wayoyin injinsu marmashewa take kamar busasshen ganye, sai an canza duka. Bai ɓoye min sauran aiki ba: robobin ƙafar baya sun gaji, ita kuma kowane gefe hannu biyar gareta, ga tsatsa ta fara ci wurin da ake sa jak, ga AC babu gas, ga ƙofar baya ɗaya bata bin sauran in an kulle, yace iska ce ke zuba a wani siririn tiyo don kullen nata da iska yake aiki, famfon yana ƙarƙashin kujerar baya. Yace bi su ɗaya bayan ɗaya duk wata, ƙafa ka fara, AC ya jira zafi. Kuɗin aikin da ya faɗa sai da na ji kunya na ƙara masa.

Daga nan ban wuce gida ba, gidan Umma na nufa. Marigayi Babanmu shekara goma sha ɗaya yana tuƙa wa wani manajan kamfani irin wannan motar, kullum da asuba shi ke wanke ta, in ya biyo da ita gida cin abincin rana ba ma ko jingina da ita. Sau ɗaya tak ya sa ni a gaba ya kunna min waifa, wannan guda ɗayan da ke miƙewa ya kai kusurwar gilashi ya dawo, ina aji uku a firamare lokacin kuma har yau ina ganin abun. Umma kuwa bata taɓa shiga ba ko sau ɗaya.

Na shiga nace Umma ku fito ku sa mata albarka. Ta sako mayafi ta fito, ta daɗe tana kallonta, ta nufi ƙofar gaba sai na buɗe mata ta baya nace nan za ku zauna. Muka zaga ta titin gidan Zoo muka dawo a hankali, bata yi magana ba sai da muka tsaya, ta shafa kujerar tace ƙamshin ma iri ɗaya ne da wanda yake dawowa da shi a rigarsa. Ta yi masa addu'a, ta yi min, ta yi wa motar.

Yanzu tana waje na lulluɓe ta saboda ƙura. Baba makanike yace gobe da asuba kar in taɓa totur ko kaɗan, in murɗa makulli kawai, duk abun da ta yi in kira shi in faɗa masa.